Gawa Mai Sauraron Rediyo

Shekara ashirin da shida mijina ya yi yana karanta sanarwar mutuwa a wani gidan rediyo na garinmu, Dogon Dutsi. Mutanen gari Is'haƙa Kominike suke ce masa, domin a nan kominike muke kiran takardar da ake kai wa rediyo a karanta. Ni dai Malam nake ce masa. In ya gyara murya ya ce "Salamu alaikum masu saurare," daga nan har Kore Mairuwa mata kan tsayar da taɓarya su kasa kunne, su ji wa aka rasa.

Wanda bai san yadda muke yi ba, bari in gaya masa. Ba a fara sanarwa da sunan mamaci. Sai an jero masu rai tukuna. Iyalan Alhaji wane a Dutsi da Yamai, iyalan wane tsohon darakta a Doso da Kwanni, iyalan wane a Kwatano da Abijan, kowa da muƙaminsa a maƙale. Sai an gaji da ji sannan a ce suna baƙin cikin sanar da rasuwar ɗan'uwansu, a faɗi sunan bawan Allah cikin numfashi ɗaya. Na ga zumuncin da ya lalace saboda an sa sunan ƙane gaban na wa. Malam kan dawo gida ya cire hula, ya kwaikwaya mana masu kawo takardar, mu yi ta dariya har tuwo ya huce.

Autarmu Afra'u ita ta gado wannan bakin. Ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ta dawo tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da kasuwa. In ta taso da la'asar sai ta zauna gindin darbejiyar tsakar gida tana zane da yatsa a kan gilashin wayarta, zanen da ke motsi yana magana, irin wanda yara ke kira desan anime. Nata ba ya cika minti guda, kuma babu wanda ba a mutuwa a ciki. Akwai wanda ta kwaikwayi tallan kayan miya, akuya na cikin tukunya tana yabon ƙamshin romonta. Akwai wanda ungulaye suka shirya biki a bakin kwalta suna ba direban da ya fi gudu lambar yabo. Da farko faɗa nake yi mata. Na ce ɗiya mace, mai hankali, ki rasa abin wasa sai gawa? Sai wata rana a layin awo na ji wasu mata biyu da ba su san ni ba suna kallon akuyar nan suna riƙe ciki. Ranar da ƙafa na dawo gida don in daɗe ina jin daɗi.

Ciwon ƙoda ya kwantar da Malam wata goma sha huɗu. A watan farko gidan nan ba ka samun wurin aje takalmi. A na uku sai waya. Daga na biyar wayar ma ta huta. Yayyen Afra'u biyu suna zuwa daga Tibiri in mazansu sun bar su, maƙwabta suna leƙowa, Allah ya saka musu. Amma dangin Malam, waɗanda ya karanta wa sanarwar iyayensu da bakinsa, sai ka ce an kwashe su da mota.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne wansa, Alhaji Rabo, uwa ɗaya uba ɗaya. Shagunan simintinsa suna tsallaken kwalta, tafiyar minti goma daga ƙofarmu. Ba faɗa suka yi ba. Da faɗa ne da na fahimta. Kullum dai saƙo ne, gobe yana nan tafe. Ya aiko da buhun shinkafa sau biyu, kuma na karɓa, ban ce ban gode ba. Amma buhu ba ya zama bakin gado ya tambayi mutum yaya ya kwana.

Wata ranar Talata da hantsi, saura mako uku ya cika, Malam ya sa Afra'u ta kawo masa takarda da biro. Ya rubuta sanarwar mutuwarsa da hannunsa, yana murmushi, ya ce ta kawo wayarta ta ɗauki muryarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Malam, mi ke nan? Da ranka da numfashinka?"

Ya ce, "Zalihatu, na karanta ta mutum dubu. Tawa kike so in bar ma wani yaro shi ɓata min ita?"

Na fice na shiga madafa na rufo ƙofa, na yi ta buga tukwane don kada in ji. Duk da haka ina jiyo su, uba da ɗiya, suna dariya, shi yana tari, ita tana cewa a sake. Da yamma ya kira ni ya ce ya bar wasiyya wurin yarinyar: in ya tafi, ranar sadakar uku, kafin jama'a su watse, ta saki fim ɗin da za ta zana da muryar nan tasa a gurup ɗin dangi na waya. Na ce masa ni babu ruwana, ba ni kallo, ba ni saurare. Ya ce ai ba a tilasta wa mai takaba.

Ya cika ranar Alhamis bayan azahar, kansa a cinyata. Kafin la'asar sai ga motar Alhaji Rabo a ƙofar gida. A ranar ya gano hanya. Ya shigo da babbar riga yana ba da umarni, a kafa rumfa nan, a kawo tabarmi can, ya zauna a zaure shi da wasu manya suka tsara sanarwa. Washegari da safe muka ji ta a rediyo, wani yaro mai murya kamar ta sauro yana karantawa. Afra'u na zaune kusa da ni a ɗaki, takardar babanta a hannu, tana bi da yatsa. Iyalai talatin da ɗaya. Malam ya rubuta talatin da ɗaya, a jere yadda suka zo, har da "tsohon mataimakin shugaban" da wani ya liƙa wa kansa. Wuri ɗaya kawai ya saɓa, inda suka musanya biyu daga cikin na Kwanni. Ina cikin kuka na ji wani alfahari ya taso mini. Na ce a raina, mutumin nan ya san aikinsa, kuma ya san mutanensa.

Ranar Asabar ce abin ya tashi. Afra'u ta shiga ɗakinta ta buɗe ordinatar tana gyara ƙarshen fim ɗin, sai Hajiya Salma, matar Alhaji Rabo, ta faɗo ɗakin neman wurin salla. Ta ga mutum cikin likkafani, ta ji muryar mamaci tana kiran sunan mijinta. Sallar da ba ta yi a ɗakin ba ke nan.

Lahadi da safe, ranar uku, an gama addu'a, ana raba masa da goro a rumfa, maza fiye da sittin suna zaune a waje. Alhaji Rabo ya yi sallama a ƙofar ɗakina. Ina kan tabarma cikin lulluɓin takaba. Ya tsaya daga bakin labule ya sa aka kira Afra'u ta zo da ordinatar da wayarta.

Ya ce, "Na ji abin da ɗiyar ga ta yi. Ta zana uban da ya haife ta cikin likkahwani, tana wasa da mutuwa, tana kiran sunayen manya. Yanzu ni a ubanta. A gabana za ta goge shi, a ordinatar da waya duka, kahin kowa shi gani."

Afra'u ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ta ce, "Baba, ba ni na tsara ba. Shi ya rubuta, shi ya karanta. Ni zane kawai na sa."

"Mutum na cikin zahin ciwo, ya san mi yake hwaɗi? Ke mai lahiya ke ya kamata ki hana shi."

Na dubi yarinyar, hannunta a kan murfin ordinatar. Na san ta. A zane ba ta tsoron kowa, amma ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi babba ba. Ƙiris ya rage ta goge. Kuma na san abu ɗaya: a gidan rediyo ba a aje muryar mai karanta sanarwa, ana faɗa ne iska ta ɗauke. Shekara ashirin da shida na magana, abin da ya rage a duniya shi ne abin da ke cikin akwatin nan. In ta danna, Malam ya yi shiru ke nan har abada.

Mai takaba ba ta ɗaga murya, kuma ban ɗaga ba. Na ce, "Yaya, ka gani da idonka?"

Ya ce ba ya buƙata, an gaya masa.

Na ce, "Ni ma ban gani ba. Na rantse mishi ba ni kallo. Amma ba a goge maganar mutum ba a ji ta ba. Minti guda bai cika ba, Yaya. Ka shigo ka zamna mu gani tare, in na banza na, ni da kaina zan ce ta goge."

 Ina jin ya lissafa cewa ƙin minti guda a gaban matar ƙanensa zai fi nauyi a bakin mata fiye da zaman. Ya shigo ya zauna a kujerar roba, ita ce kuwa kujerar da muke aje wa masu dubiya. Afra'u ta juyo mana da gilashin ta danna.

Zanen ba shi da ado. Mutum ne a miƙe kan makara, an naɗe shi fari fat, manyan yatsun ƙafa biyu kawai suka leƙo. Kusa da kunnensa ƙaramar rediyo. A gefen hoton akwai wani hannu, hannu kawai ba jiki, riƙe da mafici yana yi masa fifita. Sai rediyon ta ce, "Salamu alaikum masu saurare."

Na dafe ƙirji. Muryar ce, ta lokacin da yake da ƙarfi. Ban san inda ya samo ta ba a jikin nan da ya ƙare.

"Iyalan Alhaji Rabo, babban ɗan kasuwa, a Dogon Dutsi da Yamai."

Gawar ba ta ce komai ba. Ta juya kai a hankali ta dubi ƙofa. Ƙofar na nan a zane, a buɗe, babu kowa. Ta yi ta dubawa. A fim ɗin da bai kai minti ba, Malam ya bar wannan wuri fili har na ƙirga biyar a raina. Sannan ta mayar da kai.

Daga nan rediyon ta ɗauki gudu, gawar kuma tana amsawa daga cikin likkafani da ƙaramar murya ta gajiya. Iyalan wane a Doso: "Wanga ya zo sau guda, ya shanye min kunu." Iyalan wane a Kwanni: "Au, shina da rai?" Iyalan wane tsohon mataimakin shugaba: "Shugaban mi? Ni dai na karanta." Iyalan wane a Kwatano: "Ya kira, ya ce rezon waya babu kyau, wata tara ke nan ana gyara." Sunaye suna zubowa, rediyon tana kumbura tana zufa, yatsun ƙafar nan suna ƙirgawa har suka rikice. Da aka zo "suna baƙin cikin sanar da rasuwar," sai gawar ta tashi zaune, ta kashe rediyon, ta ce:

"A'a. Wanga mutum mai dangi haka ba ni na ba. Jama'a, kun yi kuskuren gawa."

Ta sauko, ta saɓa makararta a kafaɗa kamar mai tafiya gona, ta nufi ƙofa. Hannun nan yana nan yana fifita wurin da babu kowa. Gawar ta waiwayo ta ce masa, "Ke kuma aje hakanan. Hannunki ya gaji." Hoton ya ɗauke.

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, tun wajen kunun, kuma ban san lokacin da ta juye ta zama kuka ba. Na toshe baki da mayafi. Wata goma sha huɗu ina fifita mutumin nan, bai taɓa ce mini sannu a gaban kowa ba, irin mazanmu ne. Ashe aje ta ya yi inda duk dangi za su ji. Na dubi Afra'u, wadda ta zauna kwana da kwanaki tana zana likkafanin ubanta yana kwance a ɗaki na kusa, ba ta fasa ba, ba ta kuma yi masa aikin banza ba. Ban taɓa jin girman haihuwa kamar na wannan lokaci ba.

Alhaji Rabo bai yi dariya ba. Fuskarsa ta yi nauyi, yana kallon gilashin da ya riga ya yi baƙi. Ya ce, "Ni bai ce min komi ba."

Afra'u ta ce, "Na tambaye shi mi za a sa a wurin, Baba. Ya ce a bar shi hakanan."

Ya miƙe ya gyara riga. Da ya yi magana, muryar mai shagon siminti ce ta dawo. "An gani. Yanzu a goge. Mutanen ga da ya zaga suna waje zamne, sun baro ayyukansu sun taho. In abin ga ya hita, Zalihatu, ƙahwata ba ta sake taka gidan ga, kuma duk abin da ya taso na ɗiyar ga, kada a neme ni."

Na san ba wasa yake ba, na kuma san abin da hakan ke nufi ga gidan da babu namiji, ga yarinyar da wata rana za a zo neman aurenta a tambayi wa zai bayar. Na auna duka, ban yi gaggawa ba. Sannan na ce, "Yaya, ƙahwarka ta daɗe ba ta taka gidan ga ba, kuma ga mu. Ba zagi ya yi ba. Wanda ya zo ya san ya zo, wanda bai zo ba ya san bai zo ba. Wasiyya ta, ni kuma ba ni cin wasiyya."

Na miƙa wa Afra'u wayata, ba tata ba. Na ce ta sa fim ɗin a ciki ta buɗe gurup ɗin dangi, ta nuna mini inda ake dannawa. Ta ce, "Inna, bari ni in tura." Na ce a'a. Ita tana da sauran zama da mutanen nan, ni kuwa na gama jin kunyarsu. In za a yi fushi, a yi da tsohuwa. Ta nuna mini wata 'yar kibiya a kusurwa, na sa yatsa na danna da ƙarfi har wayar ta kusa faɗuwa.

Alhaji Rabo ya fita bai yi sallama ba.

Ɗakina yana jikin katangar waje, rumfar maza tana bayanta. Da farko wayoyi suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya, kamar tsaki sun ga tsaba. Sai na ji daga can gefe, "Salamu alaikum masu saurare." Kafin ta ƙare wata ta ɗauka daga wani gefen, sai wata, sai wata. Muryar Malam ta cika ƙofar gidansa daga wayoyi ashirin, wata na gaba wata na baya, yana gaishe da masu makokinsa. Hirar rumfa ta mutu. Matan tsakar gida suka bar wanke-wanke suka taru kan wayar yayar Afra'u.

Har na fara tunanin ko na yi wauta. Sai wani tsoho ya fashe da dariya, irin wadda ake ƙoƙarin dannewa ta fi ƙarfin mutum. Na gane shi, mutumin Doso ne, mai shan kunun. Yana dariya yana cewa, "Wallahi na sha, wallahi na sha, Allah shi gahwarta maka Is'haƙa!" Daga nan rumfa ta ɓarke. Wasu na dariya, wasu na salati, wasu na neman takalmansu a fusace. Na ji motoci biyu sun tashi. Na ji wani yana cewa wace ce ta zana wannan, wani ya amsa masa da cewa ɗiyar marigayi ce, autar, ai ita ce mai akuyar nan.

Na ɗaga gefen labule kaɗan. Alhaji Rabo bai kai rumfa ba. Yana tsaye cikin zaure shi kaɗai, inda na waje ba sa ganinsa, ya juya wa tsakar gida baya. Ya ciro wayarsa daga aljihu ya danna, amma bai kalli hoton ba. Ya kara ta a kunne, ya sunkuyar da kai. Da ta ƙare ya sake dannawa. Sau uku ina kallo, sannan ya share fuska da hannun riga ya fita ta ƙofar baya.

Ya cika maganarsa. Yau wata biyar, na fita takaba, bai tako gidan nan ba, ni kuma ban aika a roƙe shi ba.